Kalmomin masu tsara cikin gida: abin da ya kamata ki gane kafin ki sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gama gina gida mai ɗaki uku a Ogba, muna shirin tasowa daga Agege. Maigida ya ɗauko wata mai tsara cikin gida, ya ce ni zan riƙa hulɗa da ita. Tana da kirki, amma bakinta cike yake da birif, mudbod, 3D, BOQ, baryeshan da ire-irensu. Ina jin Turanci daidai gwargwado, waɗannan dai sun fi ƙarfina, kuma ina jin nauyin in yi ta tsayar da ita. Ga shi ta turo takarda tana so a sa hannu a biya kaso na farko. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya sa a tare a sa'a. Da farko ki ajiye jin nauyin nan gefe. Kuɗinku ne, ku za ku kwana ku tashi a ɗakunan, kuma dizainar da ta san aikinta daɗi take ji idan uwargida ta ce a maimaita mata. Wannan ita ce sana'ata a garin nan, kuma yawancin rigingimun da na gani tsakanin masu gida da masu aiki daga wuri ɗaya suke tasowa: an faɗi wata kalma, mai gida ya gyaɗa kai, kowa ya tafi da tasa fahimtar. Kusan kowace kalma cikin waɗanda kika jero tana nuna wani mataki ne da ake ƙulle shawara, kuma in an ƙulle, buɗewa sai da kuɗi. Zan bi su yadda aikin yake tafiya, in fi daɗewa a kan masu cin aljihu.

Ki fara sanin wa kuka ɗauka. Akitek shi ke zana ginin kansa, hukumar ARCON ce ke yi masa rajista, injiniya kuma COREN. Dizaina ita ke tsara yadda za a yi amfani da cikin ginin: inda kaya za su zauna, haske, silin, kicin, wadirob. Dekoreta kuwa ƙawatawa kawai yake yi, labule da kujeru da launi. Masu sana'ar suna da ƙungiya, IDAN, da aka kafa a 2007, amma a Legas kowa na iya buga kati ya kira kansa dizaina, don haka ki nemi a kai ki gidan da ta taɓa yi, wanda aka riga aka zauna a ciki. Wuri ɗaya ne ba na sassautawa: idan ta ce a fasa bango don falo ya haɗe da wurin cin abinci, ba ita ke da ta-cewa ba. Akwai bangon raba ɗaki, akwai wanda ke ɗauke da nauyin bim, wato gungumen kankare da ke kwance a saman bango, da dekin. An saba yin na farko da bulo mai inci 6, na biyu da mai inci 9, amma kada a dogara da kauri kaɗai, injiniya ne zai duba. Babban sauyi ga gini kuma yana buƙatar izinin LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, LASBCA mai kula da ingancin gine-gine kuma tana sa ido.

Birif shi ne bayanin abin da kuke so da yadda kuke rayuwa, a rubuce. A wurina babu takardar da ta kai ta muhimmanci, kuma ita mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai a ce "ki dai yi mana mai kyau", a tura hotuna biyar daga Instagram, a ɗauka an gama. To dizainar da ta tashi a Surulere ko Ikoyi, komai ƙwarewarta, ba lallai ta san yadda gidan Bahaushe yake gudana ba sai kin faɗa mata. Ki gaya mata baƙin maigida ba sa ratsa cikin gida, suna son falonsu da banɗakinsu kusa da ƙofa. Ki gaya mata ana zama a ƙasa a ci abinci, don kada ta cika tsakiyar falo da ƙaton tebur mai gilashi. Ki nuna mata alƙibla, wadda daga Legas gabas ce mai karkata arewa, don a ware wurin sallah, a kuma kula da inda masai zai fuskanta in har ba a riga an kafa ba. Ki ce ana alwala sau biyar a rana, saboda haka ana son famfo ƙasa-ƙasa, da tayil marar santsi, da ƙasa mai gangara zuwa magudana. Ki ce ana turaren wuta, domin hayaƙinsa yana dusashe farin silin da labule mai haske. Ki ce da Sallah ko biki 'yan'uwa daga Arewa suna sauka su yi makonni.

Wadirob ma a nan ake yanke hukuncinsa. Wanda aka saba yi a Legas rabinsa sandar rataye kwat ne. Mu kuwa manyan riguna da shadda da atamfa da leshi ninke su ake yi, ga huluna, ga mayafai, ga akwatunan lefe da ba a rabuwa da su. Abin da kike buƙata kantoci ne masu faɗi da yawa, da wuri a sama na akwatuna. Haka kicin: tukunyar tuwon mutum ashirin ba ta shiga kabad ɗin da aka auna da ƙananan tukwane, buhun shinkafa da jarkar mai da turmi duk suna son mazauni. Duk abin da bai shiga birif ba, daga baya sunansa ƙarin aiki. Ki kuma faɗi iyakar kuɗin da kuka ware tun yanzu. Mutane suna ɓoyewa don tsoron a cinye, amma ɓoyewar ce ke sa a zana musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Daga nan sai awo, sai zane. Fulan shi ne zanen ɗaki kamar an cire rufi ana kallo daga sama. Elebeshan shi ne zanen bango ɗaya kina tsaye a gabansa, shi ke nuna tsayin kabad da inda talabijin da soket za su zauna. Idan kika ga an rubuta 1:50 a gefe, ma'anarsa santimita 1 a takarda santimita 50 ne a ƙasa. Mu mun saba da ƙafa, su kuma da mita suke lissafi, ki riƙe cewa ɗakin da muke cewa sha biyu sha biyu mita 3.66 ne kowane gefe, wato murabba'in mita 13.4.

Kada ki yarda da zane a takarda kaɗai. Ki sayi alli ki je gidan da ita, a zana kayan a ƙasa. Ɗauki wannan ɗaki mai mita 3.66. Gado mai ƙafa 6 zai ci mita 1.83, wadirob a bangon gefe zai ci santimita 60. Abin da ya rage mita 1.23 ne, a raba gefe biyu, kusan santimita 60 kowanne, kuma ba a ma sa kaurin katakon gadon ba. Ki tsaya a cikin wannan tsirin, ki yi kamar za ki buɗe ƙyauren wadirob mai faɗin rabin mita, za ki ga sai kin hau gado. Hanyar wucewa mai daɗi tana son kamar santimita 90. Nan take za ku gane ko a yi ƙyaure mai zamewa, ko a matsa gadon, ko a sauya wa wadirob bango. Alli na naira kaɗan ya warware abin da kafinta zai caji kuɗi mai yawa ya gyara.

Akwai wani zane da ake yawan mantawa, na wayarin. Shi ke nuna kowane soket da makunni da fitila, da bututun AC, da layukan da za su hau inbata idan an ɗauke wuta. Ki tabbata an gama shi kafin a rufe silin, domin tsarin aikin haka yake: mai wayarin da mai famfo, sannan POP na silin, sikiridin (shafen bango kafin fenti), tayil, kafinta, fentin ƙarshe, daga baya labule da kujeru. Wanda ya tuna da soket bayan fenti, sai an sassaƙe bango.

Mudbod allo ne da aka tara hotuna da launuka da ƙyallaye don a ga ko zukata sun haɗu a kan yanayin da ake so. Ba alkawari ba ne cewa ainihin kujerar da ke hoton za a kawo. 3D kuma hoto ne da kwamfuta ta haɗa na yadda ɗakin zai kasance. Yana da amfani, amma kwamfuta tana ƙara haske da faɗi, kuma ba ta san abin da ake samu a kasuwa ba. Ki tambaya sau nawa za a gyara miki shi kafin a fara cajin ƙari. Kalmomin salo irin su minimalis da kilasik kada su dame ki, nuna da yatsa ya wadatar. In kuma kina son gidan ya yi ƙamshin gida, ki nuna mata zanen bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya, da Dagin Arewa, da irin ɗaurin guga, wato rufin ciki mai lanƙwasa kamar baka, da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Masu POP na Legas suna da hannu, in an ba su zane za su fitar, kuma bango ɗaya ya isa.

Abin da ke ɗaure mai aiki shi ne samfur. Guntun katako, tayil ɗaya, ƙyallen labule, marikin ƙofa: ki gani, ki taɓa, ki sa hannu da kwanan wata a bayansa, ki ajiye ɗaya a wurinki. Fenti kuma a shafa a bangon kansa, faɗin kamar mita ɗaya, ki duba da safe, ki dawo da dare, saboda ƙwan fitila yana sauya launi. A kwalin ƙwai za ki ga lamba da harafin K. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan rawaya, ya dace da ɗakin kwana da falo. 6500K fari ne fat mai shuɗi-shuɗi. 4000K yana tsakiya, yana kyau a kicin. Yawan hasken kuma da lumen ake auna shi, wat wutar da yake sha ce.

Yanzu katako, inda Legas ba ta yafiya. MDF garin katako ne da aka haɗa da gam aka danne. Yana da santsi, yana karɓar fenti, yana da sauƙin kuɗi, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. HDF ɗan'uwansa ne da aka fi dannewa, ya fi ƙarfi da juriya, shi ma dai ba abin jiƙawa ba ne. Filawud sirarun falankai ne da aka liƙa a giciye, wanda ake kira marin kuma da gam mai jure ruwa aka yi shi. Ki buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke a gidajen haya da yawa a garin nan, za ki tarar ƙasansa ya kumbura yana marmashewa kamar burodin da aka tsoma a shayi, hinjin ya saki, ga warin laima. MDF ne, ɗan yoyo ya same shi. Abin da kafinta ya saba yi a Kano ko Katsina ya zauna lafiya, a nan damina ɗaya tana iya kashe shi, saboda iskar kanta a jiƙe take kusan duk shekara. Don haka ƙasan kicin da duk abin da ke banɗaki, marin ko wani abu marar shan ruwa, kuma a ɗaga shi daga ƙasa a kan ƙafafu. Allon yakan zo ƙafa 4 da ƙafa 8, jikin kabad kuma a yi da mai kaurin milimita 18. Ki kula da siririn tef ɗin da ake rufe bakin allo da shi, ta nan ruwa ke shiga in ya ɗago. Ki kuma bar ɗan fili tsakanin wadirob da bangon waje don kada kaya su yi fumfuna. Ƙarfe ma haka: marar tsatsa mai lamba 304 ya fi mai lamba 201 juriya, musamman ga masu zama Lekki da Ajah inda iskar teku ke ɗauke da gishiri.

POP hodar jifsom ce da ake kwaɓawa a yi silin da ado. Sikiridin kuma shafe bango ne da siririn kwaɓi don ya yi sumul kafin fenti. Dukansu ba sa son gaggawa. Idan aka shafe bangon da bai bushe ba ko mai tsotsar ruwa daga ƙasa, fentin zai yi ƙuraje ya ɓare, kuma sake shafawa ba magani ba ne sai an toshe inda ruwan ke fitowa. Inda yara suke, ki zaɓi fenti mai ɗan sheƙi da ake gogewa da tsumma.

Tayil iri biyu za ki fi ji: siramik da foselin. Foselin ya fi tauri, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai girman 60 da 60 yakan zo huɗu a kwali, murabba'in mita 1.44. Ɗakin nan namu mai 13.4, in an ƙara kashi 10 na yanka da fashewa ya zama 14.7, kwali 11 ke nan. Wannan ƙarin ba cuta ba ce. Ku sayi duka a lokaci ɗaya, waɗanda aka gasa tare masu lamba ɗaya a kwali, domin in kuka koma kasuwar tayil ta Orile Coker bayan wata biyu kuna iya samun sunan iri ɗaya amma launin ya ɗan bambanta.

To ga takardar da aka ce ki sa wa hannu. Koteshan farashi ne, yana iya zuwa a dunƙule: kicin, kaza. BOQ kuwa jeri ne dalla-dalla: abu kaza, irinsa kaza, yawansa kaza, kuɗin ɗaya kaza, jimla kaza. Kada ki karɓi dunƙulalle. Layin da ya ce "wadirob 3" bai ce komai ba. Wanda ya ce tsawo da faɗi, irin allo da kaurinsa, irin hinji, yawan aljihu, shi ne za ki iya riƙewa ranar da aka kawo wani abu dabam. Da BOQ ne kuma za ki iya aika yaro Mushin ya ji farashin allo, ko Alaba ya ji na fitilu, ko Tejuosho da Balogun ya ji na yadin labule.

A ciki za ki iya cin karo da furobishinal, wato kuɗin ƙiyasi da aka sa wa abin da ba a riga an zaɓa ba. Zai iya hawa, zai iya sauka, kuma in ya sauka canjin naku ne. Idan irinsa ya yi yawa a takarda, jimlar ƙasa ba abin dogaro ba ce. Kwantinjensi kuɗin ko-ta-kwana ne, akasari kashi 10, kuma ra'ayina ya zauna a hannunku, kada a taɓa sai da izini. Ki duba ko an sa harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, da kuɗin dako, da na kwashe shara. Ki duba kwana nawa farashin zai tsaya, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan da ake shigowa da su suna bin dala. Sannan ki tambaye ta kai tsaye yadda take samun nata: tsayayyen lada, ko kaso na jimlar aiki, ko riba a kan kayan da ta sayo. Kowanne halas ne in an faɗa. Wanda ba na so shi ne a karɓi lada a fili, a kuma ɗora riba a ɓoye.

Baryeshan ita ce kalmar da ta fi raba zumunci. Duk sauyin da aka yi bayan an amince da zane da farashi, sunansa ke nan. Kin shigo kin ga ana aiki, kin ce wa kafinta "ɗan ƙara mini kanta a nan", maigida ya zo da yamma ya ce a mai da fitilar can. Kowa yana ganin ƙaramar magana ce. Ranar lissafi sai a kawo takarda mai tsawo, ku ce ba ku san zance ba, ita kuma ta ce ku kuka sa. Ku kafa doka tun yau: mutum ɗaya ne ke ba da umarni, dizaina ake faɗa wa ba leburori ba, kuma ba a taɓa sauyi sai an rubuto kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara kun amsa, ko da a WhatsApp ne.

Kason farko da ta nema shi ne mobilaizeshan, kafin alƙalami. Haƙƙinta ne, ba za ta sayi kaya da kuɗinta ba. Amma sauran biyan a ɗaure shi da aikin da ido ya gani: an gama silin a biya kaza, an kafa kicin a biya kaza. Kada a ɗaure shi da kwanan wata. In akwai kayan da za a yi oda daga waje, ki tambayi lid-tayim, tsawon lokaci daga oda zuwa isowa. Kayan da zai biyo jirgin ruwa ya fito ta Apapa ko Tin Can lissafin watanni ake yi masa, kuma masana'antun Sin suna rufewa lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu. In kuna son tarewa kafin azumi, daga nan za ku fara ƙirga baya.

Na ƙarshe su ne sinag da ritenshan, kuma dole su shiga takardar tun kafin sa hannu. Ritenshan wani kaso ne, akasari kashi 5, da kuke riƙewa bayan an miƙa makulli har wa'adin gyara ya cika, wanda aka saba sa wa wata shida. A Legas ki nemi wa'adin ya ratsa ruwan Yuni da Yuli, lokacin ne yoyo da laima ke bayyana. Sinag kuma jerin kurakuran da aka gano ne kafin karɓar aiki. Ranar ki je da cajar waya ki gwada kowane soket. Ki buɗe kowane ƙyaure da aljihu ki rufe. Ki ƙwanƙwasa tayil da makulli, wanda ya yi ƙarar holoƙo babu siminti a ƙarƙashinsa, zai fashe. Ki zuba bokitin ruwa a banɗaki ki ga ko ya nufi magudana ko ya kwanta a lungu. Ki haska fitilar waya a jikin bango daga gefe, duk tudu da kwari zai fito. A rubuta komai da hoto, ku biyu ku sa hannu, a sa ranar gyara. Kafin ta tafi ki karɓi ragowar tayil, da suna da lambar kowane fenti, da takardun garanti, da zanen da ke nuna inda waya da bututu suka bi a cikin bango, don kada mai kafa labule ya huda bututun ruwa.